Na'urar lantarki da hawan jini: ɗumin fata ba saukar tansiyo ba ne

Daga kasuwannin Yamai zuwa Garwa da Njamaina, har cikin zaurukan WhatsApp, ana tallar wata ƴar na'ura mai batir da wayoyi, wadda ake manna bakinsu a jiki ta riƙa aika ɗan lantarki cikin fata. Masu talla kan ce tana buɗe jijiyoyi, jini ya gudana, hawan jini ya sauka.

Na'urar kanta ba ta bogi ba ce. Likitoci na kiran ta TENS, kuma an daɗe ana aiki da ita a sashen gashi na asibitoci don rage ciwon baya da na gaɓoɓi. Batun gudun jini ma yana da tushe: a 1982 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Birger Kaada, ya wallafa cewa lantarki mai bugawa a hankali yana buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, har ƙafar da ta yi sanyi ta ɗau ɗumi.

A nan ne talla ke yin tsalle. Mai ciwo ya ji ɗumi, ya ga wurin ya yi ja, sai ya ɗauka magani ya kama. Amma ruwan zafi ma yana yin haka. Tansiyo kuwa ba a fata ake yanke hukuncinsa ba. Ya dogara ne ga ƙarfin bugun zuciya, da gishiri da ruwan da ƙoda ke riƙewa, da matsewar jijiyoyin jini a duk jiki. Gwaje-gwajen da aka yi kan TENS da hawan jini ƙanana ne, na ɗan lokaci, sakamakonsu kuma ya saɓa wa juna.

Akwai dai lantarkin da aka ƙera musamman don wannan ciwo, sai dai ba ya kama da na kasuwa ko kaɗan. Tiyata ake yi, a dasa na'ura ƙarƙashin fatar ƙirji, a ja waya zuwa jijiyar wuya, inda jiki ke da ma'aunin tansiyo na kansa. Waɗanda ƙwayoyi uku ko fiye suka kasa wa aiki ake yi wa. Duk da haka, a babban gwajin na'urar Rheos da aka wallafa a 2011, kan mutum 265, ta cika uku ne kawai daga sharuɗɗa biyar. Magajiyarta Barostim ta samu izinin hukumar FDA ta Amurka a 2019, amma don raunin zuciya, ba hawan jini ba.

Abin tsoro shi ne abin da ake bari saboda na'urar. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na Satumbar 2023 ya ce mutum biliyan 1.3 ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun magani yadda ya kamata. Ciwo ne marar ƙara. Ɗan kasuwar da ke yawo tsakanin ƙasashe, ƙwayarsa ta amlodipine ta ƙare a hanya, ga takardar likita da harshen da ba ya karantawa, shi ne mafi sauƙin kamu: na'ura sau ɗaya ake saye, ƙwaya kuwa kowane wata. Idan ya ajiye ta, ba zai ji komai ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza.

Akwai kuma haɗari na kai tsaye. Ba a manna TENS a gaban wuya, domin tana iya rikita bugun zuciya har mutum ya suma, kuma wanda aka dasa wa batirin zuciya ba ya kusantar ta sai da izinin likita.

Gardamar ba ta da wuyar rabawa. Awon hannu a likita ko farmasi, bayan hutun minti biyar, a ranaku daban-daban: in lamba ta ci gaba da kai 140/90 ko ta haura, tansiyo na nan, komai ɗumin ƙafa.