Wai ƙaramar bindiga don nishaɗi? A zo a yi maganar a Kende

Wata sabuwar sha'awa ta shigi wani rukuni na 'yan bokonmu, musamman waɗanda suka ɗan zauna a Amurka ko suka ƙwallafa rai ga kallon masu harbi a YouTube. Sai ka ji likita ko injiniya ko babban ma'aikacin banki yana tambaya, da murya irin ta mai zaɓen agogo, wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa da mai koyo, Ruger Mark IV ko Browning Buck Mark. In ka zare ido sai ya yi maka dariyar manya, ya ce ai .22 ce kawai, ta harbin allo ce, ta rage gajiyar mako ce. Masu wannan magana ba wawaye ba ne, wasan da suke ambata kuma wasa ne na gaske, don haka ta cancanci amsa. Sai dai ina so a ɗauko ta daga Texas a kawo ta Kende, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, inda Jihar Kebbi ta jingina da Jamhuriyar Benin. A can ne za a ga abin da kalmar "kawai" take ɓoyewa.

Bari mu fara ba su haƙƙinsu. Harsashin da ake kira .22 LR ya fito ne a Amurka a 1887, kuma har yau yana cikin waɗanda aka fi kashewa a duniya. Faɗinsa bai kai milimita 6 ba, nauyin dalmar da ke kansa kuma kusan giram biyu da rabi ne. Yawancin harsasai suna da ɗan maɓalli a tsakiyar gindinsu, wanda tsinken bindiga ke duka albarushi ya kama. Shi wannan, sinadarin da ke tayar da wutar an zuba shi ne a cikin leɓen kwanson, tsinken ya daki gefe. Dole tagullar kwanson ta zama siririya domin ta lotse, siririn kwanso kuwa ba ya jure matsi mai yawa, shi ya sa irin wannan harsashi bai cika girma ba. Daga nan ne duk alherinsa ya fito: yana da araha, ƙararsa ba ta kai ta manya ba, ba ya kuma fizgar hannu. Mai koyo zai iya harba ɗari a zama ɗaya, hankalinsa na kan saiti da numfashi da yadda yatsa ke jan kunama. Da shi ake gasar ƙaramar bindiga ta mita 25 a wasannin Olamfik. Ba'amurken da ke da lasisi da filin harbi kusa da gidansa, in ya tambayi wacce zai saya, tambayarsa tana kan hanya.

To amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da ƙaramar bindiga mai cin .22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a Los Angeles a 1968. Da irinta aka harbi Shugaba Ronald Reagan a Washington a 1981, harsashin ya shiga huhunsa, sakataren yaɗa labaransa James Brady kuma ya nakasa har ƙarshen rayuwarsa. Kamfanonin da ke ƙera harsashin da kansu suke rubuta gargaɗi a jikin kwali cewa yana da haɗari har nisan da ya haura kilomita ɗaya da rabi. Yanzu mai karatu ya auna wannan nisa a bayan kowane gari na ƙasar Bagudo. A ina ne za ka tsaya ka miƙe hannu, ka tabbatar cewa a tsawon kilomita ɗaya da rabi babu mai noman shinkafa a fadama, babu yaro a bayan shanu, babu masunci a kwalekwale, babu mata a hanyar rafi? Filin harbi na gaske yana da tudun ƙasa a baya da shinge a gefe da jami'in da ba a ɗaga bindiga sai da izininsa. Wanda ya jera gwangwanaye a kan kututture a gonar kakansa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai doka, wadda masu wannan hira suke tsallakewa kamar kwata. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne na haramtattu, inda manyan bindigogin yaƙi da masu sarrafa kansu da rokoki suke, kuma a nan aka sa kowace irin ƙaramar bindigar hannu, mai juyawa da marar juyawa. Dokar ba ta ce sai mai babban harsashi ba. Fistol mai cin .22 da fistol mai cin milimita 9 hukuncinsu ɗaya, babu mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa, shi ma in ya ga dama. Gida na biyu shi ne wanda Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ke iya ba da lasisinsa: bindigar harbin tsuntsaye wadda ba ta ɗura kanta, doguwar bindigar wasa wadda ba ta cin harsashin soja, da bindigogin iska, dogaye da gajeru. Na uku shi ne na bindigar toka da dangoginta, wadda al'amarinta ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Wanda aka kama da ta gidan farko babu izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Saboda haka tambayar Ruger ko Browning, a Nijeriya, daidai take da mutum ya tsaya yana zaɓen launin motar da ba a yarda ta hau titi ba.

Tunda babu shagon da zai sayar maka da ita da rasit, daga ina za ta fito? Wannan ita ce tambayar da ta sa na ce a zo Kende. Duk ɗan Bagudo ya san iyaka ba layin da ke kan taswira ba ce. Akwai Lolo, akwai Tsamiya, akwai Illo da Ka'oje, akwai kogin Kwara da ya ratso daga Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin, dangi kuma suna ɓangarorin biyu, ana auratayya, ana cin kasuwa tare tun kafin Bature ya ja layinsa. Hanyoyin da shinkafa da fetur suka saba bi a ɓoye ba sa tambayar abin da ke cikin buhu. Mai kuɗin da ya ba da saƙo a kawo masa "ƙaramar ta wasa" ya zuba kuɗinsa ne a hannun wanda sana'arsa ke nan, kuma wannan ɗan fasa-ƙwaurin ba ya da kanta biyu, ɗaya ta masu nishaɗi ɗaya ta masu kisa. Ribar da ya ci a kanka ita ce jarin tafiyarsa ta gaba.

Ga kuma lokacin da ake ciki. A Nuwamban 2024 Hedikwatar Tsaro ta fito ta ambaci Lakurawa da suna, a cikin watan ne kuma suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, a nan Kebbi. A tsallaken iyaka, jihar Alibori ta Benin, wadda ita ce maƙwabciyarmu, ta zama fagen fama da masu iƙirarin jihadi, har gwamnatin ƙasar ta tabbatar da kisan sojojinta 54 a hare-haren rana ɗaya a Afrilun 2025. A irin wannan ƙasa ƙarar bindiga saƙo ce. Mata su kwashi yara, 'yan banga su fito, soja ko ɗan sandan da ke shingen bincike ya gyara riƙonsa. Jami'in da ya buɗe bayan motarka da dare a hanyar Ka'oje ya ga fistol ba zai kunna tocila ya duba lambar harsashi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ba shi kaɗai ruwan zai doka ba.

Za a ce mini wannan ci baya ne, ƙasashen da suka waye suna barin 'yan ƙasa su yi wasansu. A tambayi Birtaniya. Bayan wani mutum mai lasisi ya shiga makarantar firamare ta Dunblane a Maris na 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu, majalisar ƙasar ta haramta manyan bindigogin hannu a 1997, ta bar .22 a ajiye a ƙungiyoyin harbi. Kafin shekarar ta ƙare sabuwar gwamnatin Tony Blair ta haɗa har da .22 ɗin ta haramta. Shekara da shekaru 'yan wasan Birtaniya masu harbin mita 25 sai sun tafi ƙasashe irin su Suwizalan suke atisaye. Ƙasar da ke da rajistar kowace bindiga, wadda teku ya kewaye, ita ce ta auna ta ga ƙanƙantar harsashi ba hujja ba ce. Mu da ko ƙididdigar bindigogin da suka ɓata daga ma'ajiyar hukuma ba ta zauna mana ba, da wane ƙarfin hali za mu fi su sakin jiki?

Yanzu ga abin da nake so masu sha'awar su amsa da gaskiya. Cikin gasa biyar ta ƙaramar bindiga da aka yi a Olamfik na Paris a 2024, uku da bindigar iska aka yi su, daga nisan mita 10. Ba ta amfani da albarushi. Iska ce da aka matse take tura 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, wadda nauyinta kusan rabin giram ne, ƙarfinta kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na .22 ba. Tsakiyar allon da ake nema, mai maki goma, faɗinsa milimita 11.5 ne, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Mutum zai tsaya da hannu ɗaya, babu jingina, ya yi harbi 60 cikin minti 75. Duk abin da ake kira gwaninta a wasan nan yana cikinta: tsayuwa, numfashi, natsuwar zuciya, da jan kunama ba tare da bakin bindiga ya motsa ba. Da ita Manu Bhaker ta Indiya ta ci tagulla biyu a Paris. Da ita Yusuf Dikeç na Turkiyya ya ci azurfa, mutumin nan mai furfura da hotonsa ya zaga duniya yana harbi hannu ɗaya a aljihu. Zaure mai tsawon mita goma sha wani abu da akwatin ƙarfe mai tare ƙwaya sun wadatar, sai tabarau na kariya, domin tana iya fasa ido. Kuma tana gida na biyu a dokarmu, wato tana da ƙofar lasisi.

In an miƙa wa mutum wannan ya yatsina fuska ya ce ai wannan ta yara ce, to ya faɗi abin da ke ransa. Ba allo yake nema ba. Yana son nauyin ƙarfe a ƙugu, ko abin nunawa abokai, ko kuma, wanda na fi zato kuma na fi tausayawa, tsoro ne ya ishe shi yana son abin kare iyalinsa, kunya ta sa ya lulluɓe shi da rigar wasa. Wannan tsoro halal ne, kuma muhawararsa daban ce. An yi ta a fili a Yunin 2022 lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta ce wa Zamfarawa su nemi lasisin bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Mai son a sake buɗe ta ya buɗe ta da sunanta, mu yi gardama. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a shigo da ita ta taga, a ɓata sunan wasan da bai ji ba bai gani ba.

Hukuma ma tana da nata kason, kuma ba kaɗan ba ne. Ƙofar lasisin da na ambata a takarda take buɗe, a aikace kuwa shugabannin 'yan sanda sun sha sanar da dakatar da bayarwa gaba ɗaya, babu bambanci tsakanin mai neman bindigar farauta da ɗalibin da ke son ta iska. Irin wannan rufewa ta malalaci ce. Ɗan ta'adda bai taɓa cike fam ba, saboda haka mai bin doka kaɗai take hanawa, ta kuma koya masa cewa bin doka wahalar banza ce. Ga shi muna zaune a kan baiwa muna kallonta. Ƙasar da ta haifi maharba masu kwari da baka, da mafarautan da ke saita bindigar toka wadda ko ma'aunin saiti na kirki ba ta da shi, da 'yan bindigar sarki na hawan sallah, ba za a ce ta rasa ido da hannu ba. Jihar da ta iya tara dubban masunta a Matan Fada ta sa musu doka da alƙalai da kyauta, ba za ta kasa shirya layi goma na mita 10 ba.

Abin da nake nema daga Gwamnatin Kebbi da rundunar 'yan sanda da hukumar wasan harbi ta ƙasa ƙarami ne. A ware zaure ɗaya a Birnin Kebbi. Bindigogin iska su zama mallakin ƙungiya mai rajista, kowace da lambarta, a kulle su a ma'ajiya ƙarƙashin idon 'yan sanda, kada ko ɗaya ta kwana a gidan wani. A buɗe wa 'yan sakandare, maza da mata, daga Bagudo da Kamba da Yawuri da Zuru. In an shekara biyar an ga littafin shiga da fita bai taɓa ɓata ba, sai a zauna a duba ko za a nemi izinin Shugaban Ƙasa a ajiye 'yan .22 kaɗan a ma'ajiyar don masu shirin gasar mita 25. Likitan da injiniyan da ma'aikacin bankin nan kuma, kuɗin da suka ware wa ɗan fasa-ƙwauri zai sayi allo da ƙwaya da tabarau na shekara guda, ya kuma biya mai horarwa.