Ku daina kiran Thiago Silva matsoraci

1/ Duk sanda aka ambaci Thiago Silva sai wani ya ɗauko hoton kukansa a wasan Brazil da Chile na 2014, wai kyaftin ba ya kuka. Haba jama'a! Ni dai ban yarda ba.

2/ A 2005 tarin fuka ya kama shi a Dynamo Moscow. Kusan wata shida yana kwance a asibiti a Rasha, har likitoci suka so yanke masa ɓangaren huhu. Ya miƙe, ya koma Fluminense, daga nan sai AC Milan. Wannan ne matsoraci?

3/ A gasar 2014 ɗin, wasa ɗaya tak ya rasa saboda katin gargaɗi. Ranar ce Jamus ta lallasa Brazil 7-1.

4/ PSG ta sallame shi a 2020 yana da shekara 35. Ko shekara ba a yi ba ya ɗaga Kofin Zakarun Turai da Chelsea. PSG kuwa sai 2025 ta taɓa shi.

5/ Mai suka ya kawo hujja a kan tsaron bayansa. Hawaye dai bai taɓa hana shi tare ɗan gaba ba.