Ina Rabon Malamin Makaranta A Yaƙi Da Cuta?

Jama'a, akwai wata magana da na ke so mu duba tare, mu da za mu fita daga wannan kwaleji mu riƙe alli. Da yawa cikinmu suna tsammanin sha'anin kwamfuta da binciken cututtuka na likitoci ne kaɗai, malamin makaranta ba ruwansa. Ni kuwa ina ganin wannan kuskure ne, abin da ya faru a nan Barno ma ya isa shaida.

Cikin watan Agusta na 2016 aka sami yara biyu da ciwon shan-inna, ɗaya a Jere ɗaya a Gwoza, bayan an yi shekara biyu ba a ga wannan ƙwayar cuta a Nijeriya ba. Ashe tana nan ɓoye a ƙauyukan da rikici ya hana masu rigakafi shiga. To, ƙaƙa za a nemo abin da ƙafa ba ta kaiwa? Sai aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam, ana duba ƙauyen da ke da mutane da wanda ya zama kufai, don a ƙiyasta yawan yaran da ke can. Aka kuma raba wa mutanen gari wayoyin hannu masu wata dabara da a ke kira AVADAR. Kowane mako wayar ta kan nuna ɗan gajeren majigi na yaron da ƙafarsa ta shanye, ta tambayi mai ita ko ya ga irinsa, amsarsa kuwa nan take ta isa ga ma'aikatan lafiya. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana cewa an raba Afirka da wannan muguwar ƙwaya.

Ku lura da abu guda. Wayar nan ba ta taɓa ganin yaro ko ɗaya da kanta ba. Mutum ne ya gani, ya gane, ya faɗi gaskiya. In mai riƙe da ita bai iya karatu ba, ko kuwa ya saba da cika takarda da ƙarya don a rabu da shi, to, ƙaryar ce za ta isa Abuja da sauri. Wa ke koya wa yaro ya ƙidaya daidai, ya rubuta abin da ya gani ba ƙari ba ragi? Ai malamin firamare ne. Tun a 1854, can a Landan, wani likita mai suna John Snow ya gano famfon da ke yaɗa kwalara, ya yi amfani da taswira da lissafin gidajen da aka yi rashi. Kwamfuta ta ƙara wa aikin sauri, amma tushensa yana nan yadda ya ke.

Na san wani zai ce, "Malam, garin da ya sha duhu wata da watanni tun daga Janairun 2021, sa'ad da aka rushe turakun lantarki, shi za ka yi wa zancen kwamfuta?" Maganarsa tana kan hanya, amma hasken rana bai taɓa yanke mana ba a Yerwa, faifan sola ɗaya kuwa ya isa ya cika wayoyi masu yawa. Mu kuma tuna da ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024, wadda ruwanta ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Takarda in ta jiƙe ta tafi ke nan, amma abin da aka ajiye kwafinsa ta intanet ruwa ba ya cinsa. Har wa yau, tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin HINARI, don ɗalibai da likitocin ƙasashe marasa ƙarfi su karanta mujallun likitanci kyauta ko da rahusa. Da rashin tayi a kan bar arha.

Abin da na ke jin tsoro shi ne, yawancin aikin nan ƙungiyoyin waje ne suka kawo shi da kuɗinsu, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Ran da suka naɗe tabarmarsu, wa zai riƙe?

Saboda haka ga shawarata ga hukumar kwalejinmu. Na farko, a haɗa darasin kiwon lafiya da na kwamfuta, kowane ɗalibi ya iya zuba rajistar aji cikin na'ura, ya gane in yara goma sun yi fashi mako guda saboda gudawa, ya kuma san wanda zai sanar. Na biyu, a riƙa gayyato malaman asibiti su koya mana yadda a ke rarrabe labarin lafiya na gaskiya da jita-jitar da ke yawo a WhatsApp, domin a ƙauye maganar malam ba ta faɗuwa ƙasa. Na uku, mu da kanmu mu juya darussan tsabta zuwa Hausa da Barbarci da Larabcin Shuwa, mu ɗauke su a murya, don iyayen da ba su yi boko ba.

Rigakafi dai ya fi magani, a aji kuwa ya ke farawa. Allah ya sa mu dace, amin.