Kun Ɗauke Shi a Waya, Kun San Sunansa?

A hutun da ya wuce na je Makarfi ranar kasuwa. Kusa da inda ake lodin rake na tarar da wani dattijo zaune da gurminsa, yana yi wa masu dako waƙa. Samari sun fi goma a kansa, kowa ya ɗaga waya, har da ni. Da ya gama, abin da aka jefa masa bai kai kuɗin motar Kudan ba. Da daddare na saka bidiyon a TikTok, abokai suka yi ta yabawa. Sai wata 'yar ajinmu ta tambaye ni sunansa. Wallahi ban sani ba, ban ma tambaya ba.

Wannan abu ya tsaya mini a rai. Yanzu a makaranta muna yawan zancen mawaƙa masu zaman kansu, waɗanda ba su da kamfani, su ke tsara waƙarsu su kuma tallata ta. To ai makaɗan garuruwanmu haka suke tun kafin a haife mu. Mai gurmi, mai kukuma, mai gangar noma da ke bin gayya a ƙauyukan Ikara, matan da ke kiɗan ƙwarya a gidan biki, babu mai manaja a cikinsu. Dandali ne situdiyonsu.

Wani zai ce zamani ya wuce su. To Dr. Mamman Shata ya rasu a 1999, amma har gobe ana jin sa a tashar mota. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Barmani Choge ta rasu a 2013, har yau mata na cashewa da waƙoƙinta. Sun tsira ne don an naɗi muryarsu an kuma rubuta sunansu a jikin faifai da kaset. A Amurka ma haka aka yi: a 1941 Alan Lomax ya je wata gonar auduga a Misisifi ya naɗi wani ɗan ƙwadago, ya rubuta sunansa. Shi ne Muddy Waters da duniya ta sani.

Mu kuwa mun fi su kayan aiki, amma mun fi su sakaci. Muna kwashe waƙar mutum kyauta, mu tara mabiya da ita, shi ya koma gida da canji.

Ga roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu. A bikin ranar al'ada, maimakon kuɗin nishaɗi su ƙare kan DJ, a ware kaso a gayyato makaɗa biyu ko uku daga Ikara, Makarfi da Kudan. A yi ciniki da su tun farko, kada a bar su da liƙi kawai. 'Yan sashen aikin jarida su naɗi waƙoƙin da izininsu, da suna da gari da shekara, a ajiye a laburare.

Kai kuma ɗan'uwa, in ka ɗaga waya, fara tambayar suna, sannan ka sa hannu a aljihu. Ni dai bana zan gama difloma, kuma akwai bashin wani dattijo a kaina. Kafin jarrabawa zan koma Makarfi in neme shi. Allah ya sa in same shi.