Sharhinmu: Kan jirgin da ya karya attajirai biyu

Yau za mu kai ku Ingila, ba don yawon buɗe ido ba, sai don wani lissafi da duk wanda ya taɓa sayen tsohon kamyo ko injin niƙa zai gane.

A shekarar 1923 aka ƙera wani kan jirgin ƙasa a garin Donkasta, aka raɗa masa suna Flying Scotsman. Irin na da ne, mai aiki da kwal da ruwa: ana zuba kwal a wuta, ruwa ya tafasa cikin wata ƙatuwar tukunya, tururin ya tura ƙafafu. A 1928 ya ja fasinja daga Landan zuwa Edinbara, kilomita 630 da ƴan kai, bai tsaya ko sau ɗaya ba, a 1934 kuma ya yi gudun kilomita 160 a awa guda. Shekara 40 yana aiki. Da injinan gazuwal suka shigo, a 1963 aka sallame shi, saura kaɗan ya faɗa hannun masu yanka tsohon ƙarfe, irin waɗanda muke gani a kasuwar Katako.

Wani ɗan kasuwa, Alan Pegler, shi ya tare shi, ya biya fam 3,000. Araha ke nan, in ana maganar saye. To amma saye daban, riƙo daban. Ya gyara shi, a 1969 ya ɗora shi a jirgin ruwa ya kai Amurka tallar kayan Ingila, bashi ya yi masa katutu har ya karye, kan jirgin ya maƙale a can. Wani attajiri, William McAlpine, ya biya bashin ya maido shi gida a 1973. Wanda ya saye shi a 1996, Tony Marchington, shi ma ya zuba dukiya wajen gyara, a 2003 ya karye. Mutum biyu ke nan, kuma ba wawaye ba ne, mutane ne da suka san kuɗi.

A 2004 gidan tarihin jiragen ƙasa na garin Yok ya saye shi fam miliyan 2.3, da tallafin hukuma da karo-karon jama'a. A nan ne labarin ya fi jan hankalinmu. An shiga gyara a 2006 da zaton aikin kamar shekara guda ne. Ana kwancewa ana tarar da sabuwar ɓarna, a 2011 ma aka gano tsagewa a ƙashin bayan injin, bayan har an yi masa fenti an nuna wa jama'a. Sai da aka miƙa shi ga wani garejin ƙwararru kafin a ga ƙarshen abin. Shekara 10, fam miliyan 4.2, wato sama da miliyar 3 na sefa. Kuɗin gyara ya kusa ninka kuɗin saye.

An yi ta sukar wannan kashe kuɗi a can, mu ma muna ganin masu sukar suna da gaskiya: an fara aiki ba a binciki ciwon ba. Sai dai ba za mu ce asara ce ba. Abin da ya sa gyaran ya yiwu shi ne akwai sauran maƙera da makanikai da suka san tukunyar tururi, suna kuma koya wa yara. Ƙarfe ko ya yi tsatsa ana iya sake shi, amma in masu sana'a suka ƙare ba magaji, ba kasuwar da ake sayo su.

A watan Fabrairu na 2016 wannan tsoho mai shekara 93 ya sake tashi daga Landan zuwa Yok, jama'a cike da bakin hanya. Wata guda kafin nan, a Janairu, mu ma aka yi bikin buɗe layin dogo na Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, sabo fil. Wace ƴar kasuwa ce ta taɓa ɗora buhun albasa ko na wake a kansa?

Shi ya sa muke kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi da Damagaram, kada su tsaya ga murnar layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Su tambayi hukuma tun yanzu: ina za a kafa garejin gyara, yaranmu nawa aka tura koyon aikin, wa zai biya kuɗin kula da layin kowace shekara, kuma nawa za a ɗauki buhu ɗaya daga Maraɗi zuwa Kano in an kwatanta da kuɗin kamyo.