Sabar ɗinka ba lalaci take ba, jira take yi

1/ Masu kula da sabar Linux, ku matso. In injinka mai faifai 40 ko 60 yana cin minti 15 kafin ya tashi, don Allah kar ka fara da "a ƙaro RAM" ko "a goge a sake zubawa". Ni a ganina yawancin lokacin nan ba aiki yake ba, jira yake. Nemo abin da yake jira.

2/ Farko ka auna. Buga systemd-analyze. In injin UEFI ne, zai raba maka lokacin: na BIOS, na GRUB, na kanel, na initrd, da na sauran hidimomi. Wanda bai ga wannan ba ya hau gyara, lalube yake a duhu.

3/ In BIOS ne ya cinye lokacin, Linux bai ma shigo ba tukuna. Katin RAID ne yake tayar da faifai rukuni-rukuni, kuma da gangan ne. Faifai mai juyawa ya fi jan wuta lokacin da zai fara juyi. Ko mai janareto ai ba ya kunna firji da injin ruwa da dutsen guga lokaci guda. Bar wannan yadda yake.

4/ Abin da za ka iya ragewa a nan: kashe PXE in ba ta netwok kake tashi ba, ka kashe ROM ɗin katunan da ba daga su Linux yake tashi ba.

5/ In ka ga allo yana ƙirga minti 1 da daƙiƙa 30, leƙa /etc/fstab. systemd yana jiran na'ura daƙiƙa 90 kafin ya haƙura. Sau da yawa faifan da aka cire tun bara ne, ko tsohon swap, aka manta layinsa.

6/ Kuma ku daina rubuta /dev/sdb a fstab. Kanel yana raba sunayen nan ne bisa wanda ya riga amsawa. Na yau sdb, gobe yana iya zama sdf. Buga blkid ka ɗauki UUID.

7/ Masu SAN, ku yi lissafi: LUN 200, kowanne ta hanya 4, na'ura 800 ke nan. udev zai bi su duka, LVM ma ya leƙa kowacce. Sa tacewa a lvm.conf ya duba nasa kaɗai. Ka kuma binciki wa yake kiran systemd-udev-settle, don shi sai layin udev ya ƙare yake sakin hanya.

8/ systemd-analyze blame yana ruɗar mutane. Hidimomi da yawa tare suke tashi, don haka wadda ta fi daɗewa ba lallai ita ta tare hanya ba. critical-chain ne zai nuna maka wa ke jiran wa.

9/ Wani jinkirin kuma kuka ne. Faifai guda da ya fara mutuwa yana iya riƙe sauran, kanel na ta sake kiransa. Duba dmesg, ka bi shi da smartctl. In ka rage lokacin jira kawai, bakin mara lafiya ka toshe.

10/ Inda nake rigima da mutane shi ne nofail. Eh, injin zai tashi da wuri. Amma in faifan bayananku ne bai hau ba fa? Manhaja za ta tarar da fanko, ta yiwu ta hau rubutu kan faifan tushe har ya cika. In za ka sa nofail, haɗa hidimar da RequiresMountsFor. Gaggawa aikin shaiɗan.

11/ Me ya sa na damu? Sabar da ke daɗewa kafin ta tashi, tsoron kashe ta ake yi. Sai a yi ta ɗage sabunta kanel, ramukan tsaro na nan a buɗe. Ranar da wuta ta ɗauke, batir ya ƙare, za ta tashi ko ba ka shirya ba, oga na tsaye a kanka.

12/ Minti 8 da ka san dalilin kowanne ya fi minti 3 da ka samu ta hanyar toshe gargaɗi. Ku ajiye hoton critical-chain ɗinku a ƙasa, mu duba tare.