Sharhi: Ajiye dosiye ba izinin zama ba ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin iyaye cikin kasuwanninmu, daga Kasuwar Dole ta Damagaram har zuwa Katako ta Yamai. In ka tambayi Hajiya labarin ɗanta da ke Amurka, sai ta ce maka: "Alhamdu lillahi, ya ajiye takardu, jira kawai yake yi." In ka ƙara tambaya ko kwanakin da aka ba shi suna da saura, sai ta ce ai wannan ba kome ba ne, tun da dosiyensa yana hannun hukuma. Mun sha jin wannan magana a waya cikin shirye-shiryenmu na rediyo, mun ji ta a Maraɗi, mun ji ta a Tawa. Magana ce mai daɗin ji, amma ta jawo wa gidaje da yawa hasara, shi ya sa muka ga ya wajaba yau mu tsaya a kanta.

Abin ya shafe mu ne kai tsaye, domin kuɗin tafiyar nan daga kasuwa yake fita. Wata uwar ta kwashi adashenta, wata ta sayar da zinariyar aurenta, wani uban ya saki filinsa ko ya jinginar da rumfa. Kuma tafiyar ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƴan kasuwar Nijar, Hausawa da Zabarmawa, suke kasa kaya a bakin titi na 125 a unguwar Harlem ta birnin Niyu Yok, har zuwa 1994 da magajin garin ya tashe su, da yawansu suka koma kasuwar Malcolm Shabazz a titi na 116. Wasu kuma suka yi gaba zuwa Girinsboro, inda ƴan ƙasarmu suka yi yawa. Waɗannan magabata sun shiga ne a wani zamani, kuma shawarar da ta yi musu amfani a wancan lokaci ita ce ke kai ƙannensu ƙasa, saboda doka ta canza tun 1996.

Mu fara da abin da ke rikita mutane. Bizar da ake manna wa mutum a fasfo, izini ce ta zuwa bakin ƙofa kawai. Wanda ke yanke yawan kwanakin zama shi ne ma'aikacin da ke filin jirgi, kuma ranar da ya yanke tana cikin wata takarda da ake kira I-94, wadda tun 2013 ake duba ta a intanet. Mai bizar ziyara ko ta kasuwanci yawanci wata 6 ake ba shi, wani lokaci ƙasa da haka. Saboda haka mutum yana iya riƙe da biza mai sauran shekara guda a fasfo, alhali wa'adin zamansa ya ƙare tun watan jiya. Da zarar ya wuce ranar, ko da kwana ɗaya ne, bizar ta mutu da kanta, ba sai an buga mata hatimi ba.

Daga ranar ne kuma ake fara yi masa lissafi. Dokar 1996, wadda wannan sashe nata ya fara aiki ran 1 ga Afrilu 1997, ta ce wanda ya zauna fiye da kwana 180 ba da izini ba sannan ya fita, ba zai sake shiga ba sai bayan shekara 3. In zaman ya kai shekara guda ko ya wuce, to shekara 10 ce. Kwanakin da mutum ya yi kafin ya cika shekara 18 ba a ƙirga su. Ku lura da kyau, jama'a: wannan hukunci ba ya faɗa wa mutum sai ranar da ya sa ƙafa waje. Yana nan kwance yana jiransa kamar bashin da ake rubutawa a littafi.

To, ina maganar dosiye? A nan ne kuskuren yake. Neman katin zama na dindindin, wanda aka fi sani da girin kad, mataki biyu ne ga mai bi ta hanyar dangi. Na farko, ɗan'uwan da ke da takardu ya cika takardar I-130, ya ce wa hukuma wane nawa ne. Na biyu, shi mai nema ya cika I-485, ya roƙi a mai da shi mazauni ba tare da ya fita ba. Mafi yawan waɗanda ke ce wa iyayensu "na ajiye takardu", na farkon kaɗai aka yi musu. Ita kuwa I-130, ko an karɓe ta, ko ma an amince da ita, ba ta ba mutum izinin kwana ɗaya, ba ta ba shi izinin aiki, ba ta tsayar da lissafin kwanaki. Duk mai sana'a ya san misalin wannan. In kika rubuta sunanki a ma'aikatar magajin gari kina neman rumfa, sunan nan ya ba ki wuri a layi, amma bai ba ki ikon kafa tebur a tsakiyar hanya ba, kuma in ma'aikata suka zo kwashe kaya, rasit ɗin rajista ba zai cece ki ba.

Takardar I-485 ce, in an shigar da ita bisa ƙa'ida, take tsayar da lissafin muddin ana duba ta. Amma ba ta goge kwanakin da suka riga suka taru, kuma ba kowa ke da ikon shigar da ita ba. Dokar ta yi sassauci ga mutum uku: mijin ko matar ɗan ƙasa, uwa ko uban ɗan ƙasar da ya kai shekara 21, da ɗan ɗan ƙasa wanda bai kai 21 ba kuma bai yi aure ba. Waɗannan, in sun shigo ta ƙofa aka duba fasfonsu, ana iya yafe musu wuce wa'adi. Wanda ya tsallako ta kan iyakar Meziko a ɓoye, maganarsa dabam ce. Sauran dangi kuwa ba su cikin wannan rangwame. Matar da mijinta ke da girin kad amma bai zama ɗan ƙasa ba, in ta wuce wa'adi, hanyar gyara takardu daga ciki ta toshe mata. Haka ƙanen da yayansa ɗan ƙasa ya nema masa, wanda layinsu kan ɗauki fiye da shekara 15. Yaro ya shiga da izinin wata 6, a ce masa ya zauna ya jira layin shekara 15! Ranar da layin ya iso kansa, sai a ce masa ba ya da ikon karɓa daga ciki, in kuma ya fita don ya karɓa a ofishin jakadanci, shekara 10 ta hau kansa. Haka ma wanda ya ci loterin biza alhali zamansa ya riga ya lalace, ga shi kuma loterin kowace shekara yana mutuwa ran 30 ga Satumba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Kuma duk wannan da kuɗi ake yin sa. Daga Afrilun 2024 an sa kuɗin I-485 dalar Amurka 1,440, wajen jika 800 na kuɗinmu, ban da ladan lauya. In aka ƙi dosiyen, ba a mayar da ko dala. A Fabrairun 2025 kuma hukumar da ke duba waɗannan takardu, USCIS, ta fitar da umurnin cewa wanda aka ƙi dosiyensa alhali ba ya da izinin zama, a aika masa da sammacin zuwa gaban alƙalin shige da fice. Wato mutum ya biya kuɗi ya kai kansa.

Yanzu bari mu juyo gida, domin mu ma da namu laifin. Mu ne ke kira muna cewa: "Kada ka kuskura ka dawo hannu banza, ka san abin da aka kashe." Da wannan magana yaro ke barin ranarsa ta wuce. Bayan shekara biyu kuma mu ne ke kira muna kuka: tsoho ba lafiya, ko an sa ranar bikin ƙanwarka, in ba ka zo ba ba mu yafe ba. Iyaye mata, ku ji wannan da kyau. Wanda I-485 ɗinsa ke hannun hukuma, in ya fita ba tare da ya karɓi takardar izinin fita da komawa ba, ana ɗauka ya yi watsi da neman nasa. Kuɗi sun tafi, shekarun jira sun tafi, in kuma akwai tsofaffin kwanaki a littafi, hukuncin shekara 3 ko 10 ya tashi. Akwai hanyar neman afuwa, har tun 2013 ana iya neman ta kafin a fita, amma sai mutum ya tabbatar da cewa rashinsa zai jefa matarsa, ko mijinta, ko mahaifi, wanda yake ɗan ƙasa ko mai girin kad, cikin matsanancin hali. Ƴaƴan da ya haifa a can ba su cikin wannan lissafi. Masu cewa "ai ya haihu can, ba mai taɓa shi", su san cewa yaron ba zai iya nema wa ubansa kome ba sai ya kai shekara 21.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In mutum ya rasa mafita, sai dillalai su kewaye shi: wannan ya ce zai haɗa shi da matar da za a yi auren takarda, wancan ya ce zai rubuta masa labarin da ba a yi ba. Auren takarda laifi ne da ke iya kai mutum kaso har shekara 5, da tarar da ta kai dalar Amurka 250,000, fiye da miliyan 100 na sefa, kuma wanda aka kama da shi ba a sake amincewa da wani nema da za a yi masa, ko da daga baya ya yi auren gaskiya. Ƙarya a gaban ma'aikacin biza ita ma tana rufe ƙofa har ƙarshen rayuwa, sai in an samu afuwa. Wuce wa'adi ciwo ne mai wuyar magani, amma ƙarya a kansa ita ce ke kashewa.

Wani zai ce, ai kowa da kansa ya yi wa. A'a. Abin da ɗaya ya yi yana komawa kan fasfon kowa. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta rufe ƙofa ga ƴan ƙasashe 12, har da maƙwabciyarmu Cadi, kuma yawan masu wuce wa'adi ne babban dalilin da aka kawo a kanta. A watan Yuli na shekarar, ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da ba da biza ga jama'a. Ran 16 ga Disamba 2025 shugaba Donald Trump ya sa Nijar, Mali da Burkina Faso cikin jerin, matakin ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, kuma a cikin dalilan da aka lissafa a kanmu har da masu shiga ba su fita. A ƙarshen 2025 ɗin jaridun Amurka suka ba da labarin mutanen da aka kama a birnin San Diyego a ranar da suka je ganawar girin kad tare da mazajensu ko matansu ƴan ƙasa, saboda sun wuce wa'adi. Ba mu ce waɗannan matakai adalci ne ba. Hukunta ƙasa ɗungurungum saboda laifin wasu ba daidai ba ne, kuma kowa ya san akwai siyasa a ciki. Amma Alhajin da ya shekara 20 yana zuwa saro kaya yana dawowa kan lokaci, da ɗalibar da ta samu gurbin karatu, su ne suka biya bashin da ba su ci ba.

Ba mu zargin wanda talauci ya kora. Mun san halin da ake ciki, mun san yawan tukwanen da ke hawa wuta da kuɗin da ake aikowa daga waje. Abin da muke ƙi shi ne a yi tafiyar miliyoyi da jita-jita. Ƴar kasuwar da ba ta sayen turmin atamfa sai ta warware ta duba, bai kamata ta yarda da "takardu na hanya" ba tare da tambaya ba. Duk mai ɗa ko miji ko ƙane a can, yau ya ɗauki salula ya tambaye shi: wace rana ce a kan I-94 ɗinka? Wace takarda aka shigar maka, I-130 ko I-485, kuma ka ga rasit ɗin da idonka? Wanda ya nema maka, ɗan ƙasa ne ko mai girin kad? Mai ba ka shawara lauya ne mai lasisi, ko wani ne da ke cika takardu a bayan shago? Wanda kwanakinsa ke da saura, ya nemi ƙari kafin su ƙare, ko ya dawo da mutuncinsa da fasfonsa mai tsabta. Wanda ya riga ya wuce, kada ya sayi tikitin jirgi kuma kada ya shigar da wata takarda sai ya zauna da lauya. Mu kuma na gida mu daina ɗora musu abin da ba mu san nauyinsa ba.

Muna kira ga ma'aikatar harkokin waje, da ƙungiyoyin ƴan kasuwa, da ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna ƙetare, da su fito su yi wa jama'a wannan bayani da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a rediyo da cikin kasuwanni. Yadda aka koya wa ɗan kasuwa ranar biyan patanti da ƙa'idar duwan, haka ya kamata ya san ranar da baƙuncin ɗansa ke ƙarewa a ƙasar mutane. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kare matafiyanmu, ya dawo mana da su lafiya.